Ranar da Na Kira Lubabatu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, irin wadda kika koya mana mu durƙusa mu yi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mu nan Tambuwal lafiya lau muke. Surukinki Malam yana nan yadda kika san shi, yaran makaranta suna nan suna cinye mini murya, damina kuma ta yi albarka, gero har ya fara sunkuyar da kai.

Albishirinki, Inna. Takwararki ta sauka. Ta haifi 'ya mace, uwa da ɗiya duk suna raye, suna cikin gidana yanzu haka ana wankan jego. Na fara da wannan ne don na san halinki, ba ki son a ja miki rai. Da kina nan da tuni kin katse ni kin ce, "Ke, bar kewaye-kewaye, da rai ko babu?" To da rai, Inna. Sai dai mun ga abin da muka gani kafin nan, kuma akwai abin da na yi a ɗakin haihuwa wanda nake so ki ji daga bakina. Na san akwai masu karanta wannan a wayoyinsu. Su karanta, ni dai ke nake wa magana.

Kin san yadda muke da yarinyar nan. Ita ce 'yata ta fari, Malam kuma ya sa mata sunanki don ya girmama ki. Sai kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya: ta 'yar fari, da ta sunan uwa. Tunda na haife ta bakina bai taɓa furta sunanta ba. Mutane suna ce mata Inno, ni ko wannan ban iya ba. A wurina ita ce "waccan", in na ji daɗi kuma "'yar Kebbe". Ko a aji, in ina kiran sunayen yara da safe na zo kan mai irin sunan, sai in ce "mai sunan manya", yara su yi ta dariya, yarinyar ta amsa.

Ranar da aka yaye ta kika zo da kanki, kika goya ta, kika hau motar kasuwa zuwa ƙauyenmu na bayan Kebbe. Ni kuwa na jawo turmi na hau daka, don kada a ga fuskata. A hannunki ta tashi. Ke take ce wa Inna, ni kuma Adda, kamar wata yayarta da ke aure a birni.

Ke ce mai kai saƙo tsakaninmu. In na zo gida na ga ta rame, sai in ce miki, ki gaya wa waccan ta rage yawo cikin rana. Sai ki yi dariya ki ce, "Ga ta nan gabanki, kurma ta?" Amma ba ki taɓa cewa in daina ba, don ke ma haka kika yi da ni. Kafin in yi aure "ke" ce ni a bakinki. Da na yi aure na samu ƙarin girma, na zama "Ta Tambuwal".

Ke kaɗai kike kiranta da cikakken suna, da wasan nan naku na kaka da jika. Ki tsaya a ƙofar gida, hannu ɗaya a ƙugu, ki ja sunan ki ja har sai an ji a bakin rijiya. Duk inda take sai ta amsa ta taho da gudu, ko da tulu a kanta.

Kika aurar da ita ga Lawali, yaron da ta zaɓa da kanta, mai gona da 'yan shanunsa. Shekara ba ta zagayo ba kika tafi. Kin bar mana ɗaki da kwanuka da tabarmar salla, amma ba ki bar mana mai kai saƙo ba.

Da ciki ya tsufa, lokacin goyon ciki ya yi, na gyara mata ɗaki a nan. Na sa an yi farar ƙasa, na tara itace har maƙwabta suna tambaya ko gidan burodi zan buɗe. Sai aka aiko mini cewa ta ce ɗakinki za ta, can ƙauye, nan ne gidan da ta sani. Abin ya yi mini ciwo, Inna. Ke nake gaya wa, don ita ban gaya mata ba. "To" kawai na ce, na ci gaba da abin da nake yi.

Wata Asabar da babu makaranta na ƙulla yaji da citta da kanumfari da kanwa, na ce wa Malam zan je gaida mutanen gida. Bai tambaye ni waɗanne mutane ba, ya dai ƙara mini kuɗin mota ya kau da kai.

Na iske gidan shiru, kowa yana gona, ita kaɗai a tsakar gida tana surfe. Ta ce, "Adda, sannu da hanya." Na ce yauwa. Na zauna a gindin rumbu ina kwance ƙulle-ƙullena, ina kallonta ta gefen ido. Ta buga taɓarya, ta buga, sai ta tsaya ta rungume ta, ta dafa goshi a kanta, gumi yana bin wuyanta. Can ta ɗago ta ci gaba. Jim kaɗan ta sake tsayawa. Ni na haihu, Inna, ba sau ɗaya ba, na san wannan tsayuwar. Ta san na gani, na san ta san na gani, amma daga ni har ita babu mai bakin magana.

Sai na leƙa danga na kira ƙawarki Gwaggo Tumba, ungozomar da ta yanke cibiyata ta yanke ta Inno. Na ce, Gwaggo, waccan lafiya take kuwa? Ta shigo ta ja ta ɗaki. Da ta fito ta tsaya a kaina ta ce, "Tun shekaranjiya abin yat taso mata, ba ta gaya ma kowa ba. Nac ce don mi, tac ce wadda za ta gaya mawa ta riga ta tafi."

Wannan maganar ta shige ni har ƙashi. Ga ni zaune a gidan, da raina da lafiyata, 'yata tana naƙuda tun shekaranjiya, kuma a lissafinta ba ta da wanda za ta gaya wa.

Gwaggo ta ce zaƙi ne bai gama zuba ba, in ya zube haihuwa za ta zo. Ta jiƙa abin da za ta jiƙa, aka karɓo rubutu wurin liman. Ni kuma na yi abin da uwar 'yar fari take yi: na shimfiɗa tabarma a waje, na jawo kwandon gyaɗa na hau ɓara, kamar wadda ta zo hutu. Kunnena yana bakin ƙofa. Da ina jin kuka ma da sauƙi. Ba nishi, ba ihu, sai muryar Gwaggo tana cewa sannu. Ke kika koya mata mace ba ta kuka a kan gwiwa, ta kuwa riƙe karatunki fiye da yadda ɗalibaina suke riƙe nawa.

Daren ba zan ba ki labarinsa ba, babu komai cikinsa sai jira. Da gari ya waye rana ta ɗaga, Gwaggo ta fito tana goge hannu da bakin zane. Fuskarta ta sauya. Ta ce, "Wagga ta fi ƙarfin hannuna. Na tsufa cikin aikin ga, in nac ce a tafi, a tafi."

Daidai nan Lawali ya shigo. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa bayan rumbu, kai a ƙasa, ya fara jero mini gaisuwar surukai: an kwana lafiya, ya gajiya, ya mutanen Tambuwal, ya Malam, ya makaranta. Inna, matarsa tana ciki tsakanin rai da mutuwa, shi yana tambayata makaranta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, Lawali, tashi ka nemo mota. Tunda ya auri 'yata ban taɓa kallon idonsa ba, balle in ba shi umarni. Ya zabura ya fita da gudu, takalman nan suna zaure har yau in ba a kawar ba.

Ya dawo da a-kori-kurar da ke ɗaukar hatsi ranar kasuwa. Muka fito da katifarki muka shimfiɗa a baya. Gwaggo ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ni na zauna wajen ƙafafu, inda ya dace da ni. Direba ya ce Lawali ya shiga gaba, ya ce a'a, ba zai shiga mota ɗaya da surukarsa ba, ya biyo mu a kan babur ƙafa ba takalmi. A ƙaramin asibitin da muka fara tsayawa aka duba ta, aka ɗaura mata ruwa, aka ce mu wuce Tambuwal inda akwai likitan tiyata ko da za a buƙata. Gwaggo ta ɗaga ledar ruwan sama da hannu ɗaya, ba ta sauke ba har muka iso.

Kin san hanyar nan da damina, ba sai na gaya miki ba. A kwarin nan da kike sauka ki taka da ƙafa don kin ce ba ki yarda da direbobi ba, nan motar ta kafe. Taya yana juyawa, laka tana tashi, mota ba ta motsi. Lawali ya yar da babur ya faɗa cikin taɓo har gwiwa yana turawa shi kaɗai, yana kuka yana turawa. Mutanen da ke gonaki suka ajiye aiki suka taho. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Mai naƙuda ta ciki? Ku kauce." Ya koma ya koro shanun huɗarsa, aka ɗaura igiya. Shanu suna ja, maza suna turawa suna salati, har motar ta yi tsalle ta fito. Bai tambayi 'yar wa ce ba, ni ma ban san sunansa ba. Kullum yana cikin addu'ata, shi da shanunsa.

Tsallen nan da motar ta yi ne ya jefo hannunta a kan nawa. Ta damƙe. Na yi tsammanin za ta saki in ta gane hannun wa ta kama, ba ta saki ba. Ni ma ban janye ba. Na juya fuska ina kallon dawar mutane kamar mai shirin saye, hannuna yana cikin nata har Tambuwal.

A ƙofar asibiti wa zan gani in ba Malam ba, a gindin darbejiya da carbinsa. Ashe Lawali ya yi masa waya. Ya ce wai wani abokin aikinsa ya zo dubawa. Ranar Lahadi, da rana tsaka, hula a karkace. Na ce Allah Ya ba abokin lafiya, muka wuce.

Nas ɗin da ta karɓe mu wata 'yar gajeruwa ce mai kaifin baki, ba za ta girmi Inno da yawa ba. Da aka shigar da ita ta leƙo ta ce, "Ina uwarta?" Na hau duban ƙasa. Gwaggo ta nuna ni da leɓe. Na ce ai ga Gwaggo, ita ce ungozoma. Ta ce, "Ungozoma ga mu nan da yawa. Uwa nika so." Haka na shiga ɗakin da a al'adarmu ko kusa da ƙofarsa bai kamata a gan ni ba.

Likita ya zo ya duba, ya yi mini bayani dalla-dalla. Kan ɗa ya sauko, ya kusa ƙwarai. In ta samu ƙarfin yunƙuri za ta haihu da kanta yanzu. In ba ta samu ba za su shiga da ita tiyata, sun ma fara shiri, sai dai bugun zuciyar abin da ke cikin yana raguwa, ba shi da tabbacin zai jira su. Ita kuma uwar ta galabaita ƙwarai. Ya faɗi haka ya fita ya shirya, ya bar ni da maganar.

Na dube ta, Inna. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, idanunta a lumshe, numfashi sama-sama. Ciwon yana zuwa, cikin yana ɗaurewa, ita ko motsi. Nas ta bubbuga mata cinya, ta ce baiwar Allah, ta ce Inno, ta ce amarya, duk a banza. Can leɓɓanta suka motsa, na sunkuya na ji tana cewa, "Ku bar ni in kwana. Inna nika so."

Na gane inda ta nufa. Wurinki za ta, ta ɗauki jikata ta tafi da ita.

Nas ta juyo ta ce, "Hajiya, kira ta. Muryarki ta sani." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "ke". Na sake cewa ke, buɗe ido. Nas ta dube ni kamar za ta mare ni, ta ce, "Sunanta nac ce. Ba ta da suna?"

A nan na ji haushinki, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Na ji haushinki da kika tafi da sunan a bakinki, na ji haushin duk wanda ya fara cewa uwa ta ɓoye son ɗanta na fari. Sai kuma na ga abin a fili. Ko in riƙe kunyata in koma ƙauye da gawa biyu a kan katifarki, mutane su ce Ta Tambuwal akwai kunya, ko in buɗe bakin nan da Allah Ya ba ni.

Kiran farko a hankali ya fito, da ƙyar, kamar ina haɗiyar tuwo mai zafi. Ni kaina ban ji shi sosai ba. Sai na miƙe tsaye. Na sa hannu a ƙugu yadda kike yi a ƙofar gida, na cika ƙirji, na ja shi har ƙarshensa.

Lubabatu!

An ce har Malam ya ji daga gindin darbejiya. Ta buɗe ido. Ba sama ta duba ba, ba ƙofa ta duba ba, ni ta duba, ta ce na'am.

Na kama fuskarta da hannu biyu. Na ce, Lubabatu, Inna ba ta nan, ni ce nan. Ni na haife ki, irin wannan na sha a kanki kuma ga ni ban mutu ba. Ba inda za ki. Yunƙura. Ta cije leɓe za ta yi irin shirun da kika koya mata, na ce a'a, yi ihu, yi kuka, duk wanda ya ji ya zo ya same ni. Ta kuwa yi, Inna. Ta yi ihun da ta tara tun ranar da abin ya taso, ta riƙe wuyana kamar za ta karya, nas tana cewa ƙara, ni ina kiran sunan, ina sake kira, ban san sau nawa ba. Duk bashin shekarun nan a tsaye na biya shi. Sai ga 'ya ta faɗo hannun nas.

Ba ta yi kuka ba. Ta fito shiru, jiki a sake, launinta ba daɗin gani. Nas ta juya ta, ta share mata baki da hanci, ta hau murza bayanta da tawul tana cewa, "A'a, ba ki isa ba, bayan wahalag ga duka." Ni dai Ya Hayyu Ya Ƙayyumu nake ta maimaitawa. Sai ƙafa ta motsa. Sai wani ɗan tari. Sai ta buɗe baki ta tsala kukan da ya cika ɗakin, kuka na masu faɗa, irin na gidanmu.

Gwaggo Tumba ta rangaɗa guɗa a baranda. Aka ce mata nan asibiti ne, ta ce ta sani, ta sake rangaɗa wata. Likita ya shigo da kayan tiyata a jikinsa, ya tsaya ya yi dariya ya ce an riga shi. Lawali ya faɗi ya yi sujada a tsakar asibiti da lakarsa da komai. Malam kuwa ya manta da abokin aikinsa, yana ta rungumar mutanen da bai sani ba.

Da aka gyara ta aka mayar da ita gado, na haɗa mata shayi mai kauri ina ba ta a baki. Ta sha, ta sha, sai ta dube ni da jajayen idanun nan, murmushi yana son ƙwace mata, ta ce, "Adda, ashe kin san sunana."

Na ce ta yi shiru ta sha shayinta. Na juya ina gyara zanen gadon da babu abin da ya same shi, don hawaye sun zo kuma ban shirya musu ba.

Tun daga ranar bakina bai huta ba. Lubabatu ga kunu, Lubabatu ruwa ya yi zafi, Lubabatu kin ga inda na ajiye ludayi. Wani lokaci ba abin da nake so, sai in kira don in ji ta amsa. Malam ya ce in tausaya wa sunan kada ya ƙare. Shi da yake faɗin haka, jiya na ji shi a zaure yana gwadawa a hankali, yana tsammanin ba mai ji.

Ɗakin da na yi wa farar ƙasa ya samu mai shi. Itacen nan da aka yi mini dariya a kansa yana ƙarƙashin tukunya safe da yamma, ni nake yi mata wankan da hannuna, da ganyen darbejiya, tana raki ina cewa ai ke kika ce kin iya shiru. Dangin Lawali sun kawo ƙauri, na zuba masa yaji yadda kike zubawa, har mai jegon ta ce hannuna ya kusa naki. Kusa kawai ta ce, kin ga ba ta bar halinta ba. Na kuma gaya mata, in Allah Ya kawo na gaba, tun ciwon farko za ta faɗa, kuma ni za ta faɗa wa.

Ranar suna aka raɗa wa jaririya Balkisu. Sunana, Inna. Lawali ne ya roƙi mahaifinsa, wai don abin da ya gani. Mata suka sa dariya suka ce to, abin ya dawo inda ya fito: 'yar fari, kuma mai sunan uwa. Kafin a gama rabon goro har an fara nema mata laƙabi. Na lura da Lubabatu. In an miƙo mata ɗiyar a gaban mutane sai ta kau da kai, ta ce "wannan" ta farka, "wannan" tana jin yunwa. Gwaggo ma ta matso ta ce mini in shirya zanen goyo, in an yaye ta ni zan ɗauka, yadda kika yi.

Da la'asar, baƙi sun ragu, na shiga ɗakin na zauna a bakin gado. Na ce, kira ta. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Haba Adda, da wane baki?" Na ce da wanda kika yi ihu da shi. Sunan nan nawa ne, ni ke da shi, na kuma halatta miki. Kada ki jira sai kin tsaya a kanta a ɗakin haihuwa, wata nas tana hararar ki, kafin ki koyi faɗinsa. Ba kowa ke samun sa'ar da na samu ba.

Ta sauke mayafin daga fuskarta. Sannan ta sunkuya daidai kunnen ɗiyar, murya can ƙasa, ta ce, "Balkisu." Sai kawai na ji bakina ya ce na'am. Muka dubi juna muka fashe da dariya har jaririyar ta firgita. Amma a cikin dariyar nan na tuna wani abu: wadda ta haife ni ba ta taɓa kirana da shi ba, wadda na haifa ma sai ranar.

Kada ki ɗauka ƙararki na kawo, Inna. Gwaggo ta ba ni wani labari a barandar asibiti. Ta ce ranar da nake naƙudar Lubabatu a ɗakinki, kina waje a gindin rumbu kina ɓarar gyaɗa, fuska ba yabo ba fallasa. Ta ce kin ɓare ta ci, kin ɓare ta iri da Baba ya ware don shuka, har yatsunki suka fashe ba ki sani ba. Da aka ce na sauka, kika ce "madalla" kawai, kika zagaya bayan ɗaki kika daɗe ba ki fito ba. Ban taɓa sani ba sai yanzu. Ashe a wuri ɗaya muka zauna ni da ke, kwando ɗaya muka jawo. Na san abin da ke cikin "ke" ɗin nan taki, na san nauyinsa. Ni dai an kai ni inda shiru ba zai yi ba, na yi magana, kuma ko yau aka sake haka zan yi.

Batun yaye kuwa na ce wa Gwaggo a bari lokacin ya zo. In ma na ɗauke ta, kwana kaɗan za ta yi ta koma wa uwarta. Ina so ta tashi ta san wa za ta gaya wa in abu ya taso mata.

Ina kewarki, Innata. Na so a ce kina nan ki ga yatsun yarinyar nan, dogaye irin naki, ki ce an sato miki. Na so ki ji yadda na ja sunanki a ɗakin nan, ki gaya mini ko na iya. Ki yafe mini da na kira shi gatsau a gaban mutane. Da shi na jawo miki takwararki daga bakin hanya, ta dawo da 'ya a hannu.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Allah Ya saka miki da riƙon da kika yi wa 'yata, da wanda kika yi mini a ɓoye. Allah Ya raya Balkisu ƙarama bisa tafarkin Manzonsa, Ya ƙara wa uwarta lafiya, Ya sauki duk mai ciki lafiya, na birni da na bayan kwari. Allah Ya haɗa mu da ke a inda ba rabuwa. In mun haɗu kuma, Inna, sau ɗaya tak nake roƙo, ki tsaya a ƙofa ki sa hannu a ƙugu ki kira ni. Zan taho da gudu.

Wassalam.

'Yarki ta fari, Ta Tambuwal,
Balkisu